Sallamar Mutumin Majigi

Ni ne na yi kuskure, ba Kawu ba. Jiya motar majigi ta dawo Kiru, ƙarar injinta ta tuna mini da shi, Allah ya jiƙansa.

Kawu ba ya ƙin amsa sallama, ko ta ƙaramin yaro ce. Zuwan majigi na farko, an kafa farin ƙyalle a filin kasuwa bayan magariba. Wani manomin gyaɗa ya bayyana a jikin ƙyallen, lasifika ta yi sallama. Kawu ya gyara zama a buzunsa, ya amsa da ƙarfi.

Na ce, "Kawu, inuwa fa kake amsa wa. Ko za ka miƙa masa goro?"

Fili ya ɗauki dariya, har da surukansa. Ya naɗe buzu ya tafi. Kunya ta hana ni zuwa zaurensa, har na ji ya kwanta ciwo.

Na tsaya a ƙofa na yi sallama. Na jiyo tarinsa daga ciki. Can ya amsa, cikakkiya, kamar yadda ya amsa wa mutumin ƙyalle.

Na durƙusa na ce, "Kawu, na kunyata ka a gaban jama'a. Don Allah ka yafe mini."