Wuƙar da Ke Bakin Maƙwabciyata

Lokacin da nake karatu a garin Villeurbanne, ɗakina yana jikin na wata Bazazzagiya mai digirin ƙarshe a fannin injiniya. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ni daga Damagaram na fito, Faransanci na iya, ita kuwa in ranta ya ɓaci sai Ingilishi ya ƙwace mata harshe. A bakinta na fara tsintar yaren.

Ranar farko da ta dawo ta ce malaminta ya feɗe ta a gaban mutane, ya yanke mata babi guda, sai da cokali ya faɗi daga hannuna. Na tsaya ina duba jikinta. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ƙanwata, haka Turawan Ingila suke magana. Suna yanka kasafin kuɗi, suna tsaga magana, suna datse zumunci, ba ɗigon jini."

A hankali na saba, har ni ma na fara yanke-yanke da baki.

Wata ranar Laraba ta kira ni daga Paris, inda ta ce ta je ganin 'yar'uwarta a unguwar Stains. Ina cikin taram, jirgin da ke zirga-zirga cikin gari. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta ce da Ingilishi jibi za ta shiga ƙarƙashin wuƙa.

Na ce, "Malamin nan dai! Wane babin kuma?"

Sai ta koma Hausa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Nono ne, na hagu. Za su cire shi duka. Na kasa faɗa da Hausa ne."

Na wuce tashata ban sani ba. Ina tsaye riƙe da wayar, wata tsohuwa Bafaranshiya ta tashi ta ba ni kujerarta. Ashe watanni tana zuwa asibiti, muna cin tuwo kwano ɗaya, ban lura da komai ba.

Washegari na hau jirgin ƙasa. Bayan aikin, da aka buɗe bandejin, na ga ɗinki miƙe daga ƙirji har hammata. Ita ta kalla, ni na juya ga bango.

Ta warke, ta kammala karatunta, ta koma Zariya tana koyarwa. Amma a makonnin farko hannun hagun ba ya ɗaguwa. Kowace safiya ni nake ɗaura mata ɗankwali, tana yi mini faɗa wai ɗaurin 'yan Damagaram bai iya zama a kai ba.