Malam Hatimi da Takardar Auta

Shekara ashirin da shida ya yi yana koyar da rubutun neman aiki a kwalejin, kuma ɗalibai ne suka laƙaba masa Malam Hatimi. Shi a wurinsa takarda ba ta fita tsirara. Duk wanda ya rubuta bayanin kansa sai ya kawo ofishinsa mai taga ɗaya, a gyara da jan biro, a sake bugawa, Malam ya sa hannu ya danna hatimin sashe. Da aka koma tura takardu ta intanet bai ga abin da ya canja ba, sai ya ce a ɗauki hoton mai hatimin a tura. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, amma in ya kafe ko da igiya ba ka ja shi.

Autarsa ma ta hannunsa ta bi. Shekara uku da gama karatun aikin ɗakin gwaji, ta tura takarda wuri ya fi ɗari, ko "mun gani" ba a taɓa ce mata ba. Tun tana fita da fara'a har ta koma zaman ɗaki. Shi kuwa ya yanke cewa sakacinta ne, ya kuma faɗa mata a gaban uwarta, ba sau ɗaya ba. Daga nan gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Ranar da kwaleji ta tara malamai don horo kan yadda ake ɗaukar ma'aikata yanzu, can baya ya zauna ƙarƙashin fanka, da niyyar ɗan rintsawa. Mai horarwar wata matashiya ce daga kamfanin da ke nemo wa ma'aikatu mutane.

"Wurare da yawa manhajar kwamfuta ce ke fara tace takardu kafin mutum ya gani," in ji ta. "Rubutu take karantawa. In hoton takarda aka turo, sau da yawa ba ta ganin komai, sai ta ture shi gefe."

Barci ya gudu. Malam ya ɗaga hannu.

"'Yata, in da sa hannu da hatimi fa?"

"Haba Baba, wa zai buga wa wannan hatimi?"

Aka yi dariya. 'Yan sashensa ne kaɗai suka sunkuyar da kai.

Da aka tashi hutu ya lallaɓa wurinta da wayarsa, ya roƙe ta ta gwada masa wata takarda. Ta saka a kwamfutarta. Wajen suna babu komai, wajen ilimi babu, wajen ƙwarewa ma haka.

"Ta wace ce, Baba?"

"Ta wata ɗaliba," ya ce, alhali ta Auta ce.

Bai jira kashi na biyu ba. A hanya fuskokin ɗalibai suka riƙa zuwar masa aji bayan aji, kunya da tsoro suka cika shi, har ya wuce kwanar gidansu sai da ya dawo.

Ya tarar da Auta a falo tana goge masa riguna. A tsaye ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ya shirya wa kuka, ya shirya wa faɗa.

Ta ajiye dutsen gugar a hankali.

"Wato ba wanda ya taɓa karantawa?"

"Da alama babu."



"Baba, ni fa na yarda da kai," ta ce. "Tun bara na daina turawa, don na ɗauka ni ce ba ni da amfani."