Malam Awaisu, Shafin Sakin Gona da Ƙwayar Tsamiya Goma

Kullum bayan sallar asuba, kafin Malam Awaisu ya sa komai a bakinsa, sai ya kife turmi a gindin katangar gidansa da ke Yola ta Karaye, ya ɗora tsohuwar kwamfutarsa a kai. Nan ne kaɗai sabis ke kamawa a gidan. Murfin kwamfutar ya karye tuntuni, da rabin bulo ake tokare shi. Matarsa Ramatu ta gaji da magana, ta sayi wani turmin.

Abin da yake dubawa shafi ne na intanet da ya gina da hannunsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Sunansa Sakin Gona. Idan manomi ya gama kwashe amfaninsa, sai ya kira shi ko ya aiko saƙon murya, shi kuma ya sa alama cewa an saki gonar, shanu na iya shiga su ci kara su bar taki. Daga Tudun Kaya har ƙauyukan Fulatan a ƙasar Rogo ana duba shafin. Babu hoto ko ɗaya a ciki, don ya buɗe da sauri ko a ƙaramar waya. Wanda bai iya boko ba ya danna ya saurara, da Hausa ko da Fulatanci. Kowace safiya Malam Awaisu yana sauraron saƙonni, yana share tallan 'yan damfara da ke kutsowa, yana gyara abin da ya lalace. Ranar Juma'a ya kwafe komai a filas guda biyu, 'yan ma'ajiyar bayanan nan da ake soka wa kwamfuta, ɗaya a aljihu, ɗaya a cikin kwallar Ramatu. Ƙarfe bakwai da rabi ya rufe, ya hau babur ya tafi aikinsa na ainihi, wato ba da kati a asibiti.

A wannan watan ya ajiye aikin katin bayan shekara talatin da biyar. Babu wanda ya kafa rumfa, babu wanda ya buga kalanda da hotonsa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba na yabon mutum don ya ji daɗi, waɗanda suka san ni sun san haka. Mun zama al'umma mai jiran mutum ya mutu kafin ta faɗi alherinsa, kuma wannan rowa ce.

Ba wanda ya koya masa aikin kwamfuta. Lokacin da aka kawo ta ɗakin kati, sauran ma'aikata suka lulluɓe ta da zane. Shi ya yaye zanen. Da darussan da yake saukewa a waya ya koyi rubuta manhaja, layi bayan layi, yana kwafa a littafin makaranta mai fefa sittin. Ni ma da kaina na koyi abin da na sani, don haka na san nauyin wannan. Ba a ba shi shahada ba, bai kuma taɓa kiran kansa injiniya ba. Idan aka tambaye shi sai ya ce, “Sha'awa ce kawai.”

Yana da sha'awa ta biyu, kuma a kanta muka fara saɓawa. Kowace Asabar bayan la'asar, magidanta biyar ko shida kan zauna a zaurensa, su kewaye wani kwali da aka zana taswira a kai. Kowa na riƙe da katin wani mutum na ƙage: wannan maharbi, wannan maƙeri, wannan falke. Malam Awaisu ne mai ba da labari. Zai ce, “Kun iso bakin kogi, gada ta karye, me za ku yi?” Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, labari ya ci gaba daga nan. A farko da 'ya'yan lido suke yi, masu ɗigo-ɗigon nan, a jefa a ga ko abin da mutum ya yi niyya ya yiwu.

Da na ji, ban yi wata-wata ba. Na kai ƙara wurin Malam Abdulmumini, malamin da ke karantar da mu a unguwa, na ce masu furfura sun buɗe gidan caca. Ya kira Malam Awaisu, ya saurari yadda wasan yake tun daga farko. Sannan ya ce shi bai ga laifin labari ba, amma abin jefawar nan zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba.

Na zaci Malam Awaisu zai yi musu, ya ce ai ba kuɗi ake sawa ba. Bai yi ba. Ya ce, “Allah ya gafarta Malam, a ba ni mako biyu.” Ya koma ya rushe dokokin wasan da ya yi shekaru yana tsarawa, ya sake ginawa. Ya zubar da 'ya'yan lido, ya kawo ƙwayar tsamiya. Kowane ɗan wasa ana ba shi goma, su ne ƙarfinsa na yini guda. Tsallake kogi ƙwaya biyu, hawan dutse uku. Idan suka ƙare, rana ta faɗi, mutuminka ya tsaya inda yake. Babu sa'a a ciki, sai dabara. Ya zo har gida ya gaishe ni, ya ce in zo in duba ko akwai sauran abin gyara. Na je don in kama laifi. Yau shekara bakwai ke nan ina zuwa, kuma har yanzu ban karɓi kati ba. Kallo nake yi.

Kai ne, Awaisu, aka yi wa gyara a bainar jama'a ka karɓa ba ka ɓata fuska ba. Mutum nawa ne a cikinmu za su iya?

Amma abin da ya sa na san ko wane ne shi ya faru ne kakar shekara uku da ta wuce, kuma kuskurensa ne ya jawo shi.

Ƙasimu manomi ne a Tudun Kaya, yana cikin 'yan wasan Asabar, shi ke riƙe da katin maharbi. Maƙwabcinsa Halliru makiyayi ne, yana kuma ɗan noma. Rugarsu na nan tun zamanin mahaifinsa, kabarin tsohon ma yana bayan rugar. Hanya ɗaya ce shanun Halliru ke bi zuwa rafi, wata 'yar siririya a gefen gonar Ƙasimu, wadda mahaifin Ƙasimu ya bar musu don mutunci. Ba burtali ba ne, gonar mutane ce.

Wata safiya Ƙasimu ya aiko saƙo: “Na kwashe dawata.” A lokacin shafin akwati ɗaya gare shi ga kowace gona, an girbe ko ba a girbe ba. Malam Awaisu ya sa alamar an girbe. Shi da ya tashi a cikin manoma ya manta cewa a nan ba a shuka abu ɗaya a gona. A ƙarƙashin dawar akwai wake, bai gama bushewa ba. Halliru ya saurari waya, ya kora shanu. Kafin azahar babu wake.

A ranar Malam Awaisu ya rubuta a saman shafin, da manyan baƙaƙe, ya kuma ɗauka da muryarsa: “Ni Awaisu na saki gonar Ƙasimu alhali akwai wake a ciki. Kuskurena ne.” Ya yi kwana huɗu yana sake rubuta manhajar, har ya zama kowace gona tana da layin dawa, layin wake, layin gyaɗa, kuma ba ta sakuwa sai an cike duka. Ya je ya ba Ƙasimu haƙuri, ya ce a ɗebi wake a rumbunsa. Ƙasimu ya ce, “Malam, ba wake nake yi wa fushi ba. Kai ba ka ga gonar ba. Shi ya gani. Raini ne.” Washegari ya saro ƙaya ya toshe hanyar rafi.

Dattawa sun yi magana, ya ƙi. Haƙƙinsa ne, babu mai tilasta shi. Halliru kuma ya kafe cewa shi umarnin shafi ya bi, ba zai ba kowa haƙuri ba. Ruwan rijiya ba ya isar shanu arba'in. Ya fara kwance bukkoki, ya ce bayan kasuwa biyu zai koma wurin dangin matarsa a wajen Fulatan, ya bar kabarin mahaifinsa.

Asabar ta zo. Mun ɗauka Ƙasimu ba zai zo ba, amma an bar maharbinsa a cikin kogon dutse makon da ya wuce, ya kasa haƙura. Yana shigowa ya tarar da Halliru a zaune, Malam Awaisu ya ɗauko shi a babur. Ya kuma ga kwalin ba wanda aka saba ba ne. Taswirar Tudun Kaya ce, ga rafi, ga ruga, ga ƙaya an zana ta da jan biro.

Ya ce, “Malam Awaisu, wa'azi za ka yi mini da kwali?”

“Ƙwarai kuwa. Ba zan ɓoye maka ba. Maharbinka ya fito daga kogo, ya tarar da wani makiyayi kwance ba lafiya, ya roƙe shi ya kai masa shanu arba'in rafi. Ga ƙwaya goma. In ka shayar da su ka dawo kafin su ƙare, wallahi ba zan sake yi maka maganar ƙaya ba.”

“Shi wannan fa, me ya kawo shi?”

“Shi ne mai gonar wake.” Ya miƙa wa Halliru kati.

Ƙasimu ya gyara zama, don mutum ne mai ji da dabararsa. Ya ce zai bi ta titi. Malam Awaisu ya ce titi ƙwaya huɗu, ga motoci, sai ya ƙara ɗaya don tare maruƙa. Ya ce to ya fasa, zai zaga ta bayan makaranta. Aka ce can gonakin rogo ne, ba a tone ba. Ya ce zai ɗebo ruwa a jarka. Maƙerin cikinsu ya ce, “Shanu arba'in? Sai dai ka ɗebo har tashin kiyama.” Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya koma titi, zaga-zagen nan sun riga sun ci masa ƙwaya biyu. Ya isa rafi da ƙwaya uku a hannu, dawowa kuma biyar take ci.

Ya sake ƙirga ƙwayoyin. Can ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, “To maharbi zai roƙi mai gona ya bar shi ya wuce ta gefe.”

Malam Awaisu ya juya wurin Halliru. “Mai gona, ga makiyayi a bakin gonarka. Jiya shanunsa sun cinye maka waken da iyalinka za su ci har bazara. Ya ce waya ce ta ce masa ya shiga. Me za ka ce masa?”

Halliru bai saba da wasan ba, bai san ana yin wayo a ciki ba. Ya juya katin a hannunsa, ya ce, “Zan ce masa ƙarya yake. Waya ba ta ga waken ba, amma shi ai ya gani.” Sannan ya ajiye katin. “Na ga ganyen, Ƙasimu. Tun daga bakin gona na gani. Na ce ai shafi ya ce an saki. Ban kyauta ba.”

Ƙasimu ya miƙe, ya zuba ƙwaya ukun a aljihu, ya sa takalmi ya fita ko sallama babu. Na ce a raina an ɓata goma ba a gyara ɗaya ba. Malam Awaisu kuwa naɗe kwalinsa ya yi, ya ce a tashi a yi alwala.

Ranar Talata da safe, yana zaune a gaban turminsa, saƙon murya ya shigo. Ya kunna mini shi daga baya, na ji da kunnena: “Malam, ka rubuta a shafin nan naka, an kwashe ƙaya. Ka gaya wa ɗan Fulanin nan ya daina kwance bukka kamar mara aikin yi. Kuma ranar Asabar a mayar mini da maharbina cikin kogo, ban yarda da fitowar nan ba.”

Halliru yana nan a rugarsa. Bana ma shi ya fara kai shanu gonar Ƙasimu, bayan ya zaga ta da ƙafa tukuna. Yanzu yana zuwa zaure, an ba shi katin falke, kuma ba a gama zama ba su yi cacar baki da maharbi ba.

Kada wani ya ce ina koya wa mutane zaman banza. Wasan da ke hana salla ko neman abinci har gobe ina gaba da shi. Abin da nake nunawa shi ne mutumin da ya ɗauki sha'awarsa ya sa ta yi wa maƙwabta aiki. Muna da matasa da dattawa masu manyan wayoyi, sun iya komai a cikinsu, amma abin da suke samarwa bai wuce yaɗa jita-jita da zagin wanda ba su taɓa gani ba. Wannan da kwamfuta mai karyayyen murfi ya hana gida guda tashi.

Kai ne mai gyaran da ba a gani, Awaisu na Ramatu. Shekara goma sha ɗaya shafinka bai kwana a rufe ba, kuma don bai taɓa rufewa ba babu wanda ya tuna akwai mai buɗe shi. Kai ne ka yi kuskure ka sa sunanka a kai, ba ka ce na'ura ce ba. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idanunka haske, ya sa hutun nan ya zama mai albarka, ko da yake na san turmin ba zai huta ba.

Ku kuma masu karatu, ba na ce kowa ya koyi rubuta manhaja ba. Kowa yana da abin da ya iya. Ku duba wa zai amfana da shi a unguwarku, ku yi, ku dawwama a kai ko ba a kafa muku rumfa ba. In kun yi kuskure ku faɗa da bakinku.

Na tambaye shi kwanan baya me ya sa bai goge sanarwar nan ba, tunda magana ta wuce shekara uku. Har yau ita ce farkon abin da mutum ke gani in ya buɗe shafin. Ya ce, “Ni nake fara buɗe shi kullum, Malam. Don ni na bar ta.”