Masue Shiota, Matar da Ta Halatta Tambaya a Gidan Taliya

Haihuwa da karatu

An haifi Masue ranar 9 ga Maris, 1943, a garin Tonosho da ke tsibirin Shodo a ƙasar Japan. Mahaifinta Gensaku Miyake matuƙin jirgin fito ne, mahaifiyarta kuwa sunanta Kiku. Ta shiga firamare a 1949, ta kammala ƙaramar sakandare a 1958, daga nan ta kama aikin sayar da tikiti a tashar jirgin ruwa.

Aure da sana'a

A 1964 ta auri Shigeo Shiota, wanda gidansu ya gaji yin taliyar hannu tun daga kakanni, irin wadda ake shafa wa man riɗi, a ja ta da sanduna har ta koma kamar zare, a shanya ta lokacin sanyi. Bisa al'adar gidan, ba a koyar da sana'a da baki. Sabon shiga ya zuba ido ne ya ɗauka, tambaya kuwa rashin kunya ce. A makonta na farko Masue ta tambayi surukarta yawan gishirin da ake zubawa.

"Idanun nan naki na ado ne?" in ji tsohuwar.

Ba ta sake tambaya ba. Ta haifi 'ya'ya uku tsakanin 1966 da 1973, kuma bayan rasuwar mijinta a 1995 ragamar masana'antar ta dawo hannunta.

Zuwan Natsuho

A Nuwamba 2006 ofishin samar da aiki ya turo mata Natsuho Bando, mai shekara talatin da ɗaya, wadda ke da otizim, lalurar da ke wahalar da cuɗanya da mutane. Ba ta kallon idon mai magana, ƙarar rediyo tana gigita ta, kuma abin da ba a faɗa mata ɓaro-ɓaro ba, to ba a faɗa ba. Wurare huɗu sun sallame ta, har ta shaida wa iyayenta cewa in wannan ma bai yiwu ba, ta haƙura da neman aiki har abada. Aka ba ta gwajin wata uku a ƙarƙashin Tokuji, dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin, da sharaɗin shi zai yanke hukunci.

"Ja kwaɓin har sai ya yi," in ji Tokuji a ranarta ta farko.

"Ya yi me?" in ji Natsuho.

"Ya yi daidai mana."

"Daidai ɗin tsawonsa nawa ne?"

Kafin azahar Tokuji ya tsaya gaban Masue, gari har gira. "Uwar gida, ko ni ko 'yar jaridar nan. Tun safe take titsiye ni kamar na saci jirgin ruwa."

"To, tsawon nawa ne, Baba Tokuji?"

"Haba, har da ke?"

"Shekara arba'in da biyu ina son in sani, tsoron tsohuwa ya hana ni."

Ashe Tokuji shi ma bai sani ba. Masue ta ɗauko magwaji, aka auna jan ma'aikata uku, aka sami tsawo uku mabambanta, alhali kowannensu yana rantsuwa nasa ne na gado. An ce dariyar da aka yi ranar sai da maƙwabta suka leƙo.

Daga ranar ta kafa doka cewa kowa na da izinin tambaya, kuma wajibi ne a ba shi amsa. Aka rubuta matakan aiki a kati tare da zane, aka daina kunna rediyo sai lokacin hutu, aka ware ɗan ɗaki ga mai bukatar shiru. Tokuji kuwa ya daina cin abincin rana da su, har aka fara raɗe-raɗin hukuncinsa ba zai yi daɗi ba.

Ranar 14 ga Fabrairu, 2007, wa'adi ya cika. Natsuho ta iso da jakar kwashe kayanta. Tokuji ya dangwarar da wani littafi gabanta, shafi talatin da rubutun hannu, ya bayyana gishirin ranar sanyi da na ranar ruwa, da yadda kwaɓi ke nuna ya huta.

"Karɓi. Kuma kada ki ce ni na rubuta."

"Amma kai ka rubuta."

"Na ce kada ki faɗa."

"In an tambaye ni zan faɗa. Shafi na huɗu kuma akwai kuskure."

Tokuji ya juya wajen Masue. "Kin ga abin da zan zauna da shi har in mutu ko?"

Da wannan magana aka gane an ɗauke ta.

Shekarun ƙarshe

Tsakanin 2008 da 2018 Masue ta ƙara ɗaukar mutum biyar masu otizim, a kan albashi ɗaya da kowa. Masu masana'antu daga wasu garuruwa sukan zo ganin katunan, in suka yaba mata da tausayi sai ta ce su bar zancen, ita ce ta ci riba, tunda sai da ta tsufa ta san sana'arta. Tokuji ya yi ritaya a 2012, Natsuho ta gaji koyar da sababbi. Sai dai har kullum ta ɗauka zamanta a wurin alfarmar Masue ce kawai.

Rasuwa

Masue ta rasu ranar 17 ga Janairu, 2023, tana da shekara saba'in da tara, bayan gajeriyar jinya. An ƙone gawarta bisa al'ada, aka binne ƙasusuwan a kabarin dangin Shiota da ke bayan haikalin unguwa. Ana watsewa, Natsuho ta tari babban ɗan marigayiyar, Yoshinori, wanda ya dawo daga Osaka domin ya riƙe masana'antar.

"Gobe in zo?"

"In ba ki zo ba wa zai koya mini? Ni ko kwaɓi ban iya ba."

"Ƙarfe shida. Ka yanke farce."

Marigayiyar ta bar 'ya'ya uku, Yoshinori da Chizuru da Atsuo, da jikoki bakwai, ciki har da mai wannan rubutu. Ta kuma bar ma'aikata goma sha ɗaya, waɗanda dukkansu suka hallara washegari, sabon ɗalibinsu Yoshinori ne kaɗai ya makara.