Gulukos a Tafin Hannun Rifkatu

Ranar wata Juma'a ce a watan Maris, shekarar da muke aji uku, aka yi gasar wasanni ta makarantarmu ta jeka-ka-dawo da ke wani ƙauye tsakanin Kafanchan da Kwoi. Tun jajibiri muka share filin, muka ja layuka da toka. Da azahar, rana tana dukan ƙeya, na ga Rifkatu 'yar ƙanin babana tsaye a bakin layi ba takalmi, leɓenta ya bushe ya yi fari, tana lasar garin gulukos a tafin hannunta. Can ƙarƙashin rumfa kuwa malamin wasanni ne zaune, usur rataye a wuya, yana kurɓar lemo mai sanyi.

Oga Usur muke ce masa a bayan idonsa. Mutum ne mai tumbi da jan kayan wasa masu ƙyalli, waɗanda ban taɓa ganin gumi ya taɓa su ba. Darasinsa na motsa jiki yawanci a aji muke yin sa, muna kwafar tsawo da faɗin wurin ninƙaya daga allo, mu da a rafi muka koyi iyo tsirara. Idan ya fitar da mu gudun safe, a kan babur yake bin mu yana hura usur. Mu ne fa masu tashi da asuba mu ɗebo ruwa, mu kai buhun citta kan dutse mu shanya, sannan mu tako ƙafa zuwa makaranta. Amma sai ya dube mu ya taɓe baki ya ce ba mu da ƙarfin jiki, ya sa mu tsallen kwaɗo har cinya ta yi tsami. Babban iliminsa, wanda ban san inda ya tsinto shi ba, shi ne ɗan tsere ba ya shan ruwa ranar gudu. "Ruwa yana sa ciki nauyi," in ji shi. "Campiyon gulukos yake lasa."

Rifkatu ce campiyon ɗinmu. Ko samari ba sa iya kama ta idan aka biyo akuya ta tsinke igiya. A wannan shekarar an ce wadda ta ci dogon gudu za a kai ta Kaduna, inda makarantun kwana ke zaɓar 'yan wasa su riƙe su har su gama. Babanta kuwa ya riga ya faɗa mata cewa daga aji uku sai gona, don yara sun yi masa yawa. Ta san gudun nan shi kaɗai ne ƙofarta, shi ya sa ta bi maganar Oga Usur fiye da yadda take bin wa'azin fasto. Da safe mamarta ta miƙa mata kunu ta ƙi karɓa. Ta yi fareti cikin rana, ta yi jira har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Da ta kasa daurewa ta je gabansa ta rusuna ta ce, "Sa, ƙishi yana ji na." Ko kallon ta bai yi ba. "Ka na so ka faɗi? Kawo hannu." Ya zuba mata ƙarin gari.

Da aka hura usur ta wuce kowa, har mun fara guɗa muna buga galan. A zagayen ƙarshe na ga ƙafafunta suna harɗewa, ta kauce daga layi, ta yi 'yan taku, ta kife a kan toka. Ta bayanta, wata 'yar gari mai farin takalmin kambas da muka gani tana shan ruwan leda a ɓoye bayan aji, ta zo ta wuce ta. Na ruga da kofin ruwa, Oga Usur ya tare ni da sanda, ya durƙusa da ƙyar yana ɗura gulukos a bakin yarinyar da ba ta iya haɗiyar yawu. Sai da mamarta ta ture shi ta sheƙa mata ruwa sannan ta buɗe ido. Ranar Litinin ya tsaya a asambuli ya ce 'yan ƙauye ba su da juriya. Har yau idan na tuna, raina ɓaci yake yi.

Yanzu a Kaduna nake aiki, ina ganin masu kuɗi a gidajen motsa jiki kowa da gorar ruwa a hannu, ana ta tuna musu su sha. Rifkatu tana nan ƙauye tana noman citta, ƙafafun nan sun tsattsage. Bara na je gasar makarantar, don 'yarta ce ke gudu. Na same ta a bakin fili da jarka cike da ruwa, tana ba kowane yaro, nata da na wasu, ba ta nemi izinin kowa ba. Da aka hura usur na ga yatsun ƙafar Rifkatu suna tona ƙasa.