Abin da Baba Shu'aibu Ya Gani a Bakin Get

Shekara goma sha tara Baba Shu'aibu ya yi yana gadin makarantarmu a Malali. Ni da nake koyar da 'yan aji uku, a nan na same shi. Tun da masaƙar da yake wa aiki ta rufe ya kama get ɗin nan, kullum daga Unguwar Shanu yake tahowa a kan wani tsohon keke mai ƙarar tsiya. Ba bindiga, ba yunifom, sai sanda da ido. Amma wane irin ido! In an tashi, ba yaron da zai fita sai Baba ya san wanda ya zo ɗaukarsa: wannan kawun wance ne, wancan mai Keke Napep ɗin gidan su wane ne.

Da labarin satar yara ya yi yawa, iyaye suka zauna suka amince a ƙara kuɗin tsaro, a kawo ɗan sanda. Aka turo Kofur Alhassan, saurayi mai fara'a. Nan da nan aka kafa masa rumfa, aka sayo kujera mai hannu, abincin rana kuma daga ofishin hedimasta. Baba, wanda ya shekara yana roƙon a sauya masa kwaɗon get, yana zaune a benci yana kallo.

Kishi ya ci Baba har ya rame. In yara suka sara wa Kofur, sai ya kau da kai.

"Malama, kin ga takalminsa?" in ji shi. "Kuɗin tsaronmu ne fa ke sheƙi a ƙafarsa."

Na ce, "Haba Baba, yaron nan bai yi maka komai ba. Har durƙusawa yake ya gaishe ka."

"Ai shi ne abin haushin!"

Kofur ya kawo tsarin kati: kowane yaro da katinsa a hannun iyaye, wanda ya nuna shi ya tafi da yaro. Baba ya yi tsaki ya ce kati bai san fuska ba. Sai kuma muka ji cewa kuɗin ba zai riƙe mutum biyu a zango mai zuwa ba, dole a sallami ɗaya. Baba ya san wanda za a sallama. Daga ranar ya kama bakinsa, ya ce tunda ga masu tsaro, su tsare.

Wata Alhamis, wani mutum ya zo da katin Grace, ɗalibata. Kabiru mai Keke Napep ne ke ɗaukarta kullum, wannan kuwa baƙo ne. Kofur ya duba kati, daidai yake, ya miƙa yarinya. Ba a yi minti ashirin ba sai ga uwarta, Rebecca, ta baro ofis saboda ta ji Kabiru ba shi da lafiya. Da aka ce an tafi da Grace, sai ta ɗora hannu a ka. Ban taɓa jin kuka irin nata ba.

Awa uku ana nema. Ashe ƙanen Kabiru ne, yayansa ya ba shi katin ba tare da ya faɗa wa kowa ba, shi kuma ya ɓace hanyar gidan, wayarsa a kashe. Bayan la'asar aka dawo da Grace lafiya lau, tana shan rake.

Iyaye suka yi ca a kan Kofur da katinsa. Kafin mako ya ƙare an mayar da shi ofishinsu, Baba ya tsira da aikinsa. Na ɗauka zan ga haƙoransa, amma ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

Ranar Litinin ina bakin get Rebecca ta zo riƙe da hannun Grace. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, Allah ya saka da alheri da ka tsaya mana. Na san da ka ga mutumin nan, wallahi ba za ka bari ya tafi da ita ba."

Baba ya dubi yarinyar.

"Na gan shi, 'yata," ya ce. "Ido da ido. Na san ba Kabiru ba ne, na yi shiru."