Jan Lalle a Hannun Auta

Shekarun baya can, muna zaune a Unguwar Rimi, mahaifinmu yana aikin gwamnati, ƙanwar mahaifiyata ta sayo wa autanmu wani littafin hotuna a wurin masu gwanjon littattafai. Wani yaro ne a ciki, yau ya sa wando ya hau bishiya, gobe ya sa doguwar riga da awarwaro ya yi rawa. A shafin ƙarshe iyayensa na riƙe da hannuwansa. Ni dai na kasa gane mace ce ko namiji. Da na tambayi Auta, cewa ya yi, "Ai ni ne, Yaya."

Mun yi dariya, amma Mama ba ta yi ba. Dama yaran layinmu sun fara kiransa ɗan daudu saboda yana goya 'yar tsanata.

Ranar jajibirin ƙaramar Sallah muka yi ƙunshi. Ashe Auta ya kwashi ragowar lallen ya laɓe bayan tankin ruwa, ya cusa hannuwa a leda. Da safe sai ga hannu jajawur har wuyan hannu, ga shi an yi masa ɗinkin shadda zai bi Baba filin Idi.

Hankalin Mama ya tashi. Ta goga lemon tsami, ta goga toka, har da kananzir, lalle sai ƙara kyau yake. Ni kuwa sarkin tsoro, har na fara shirya ƙaryar cewa ƙonewa ya yi. Baba ba mai duka ba ne, amma mutum ne mai gudun abin magana, kuma muna tsoron ya tafi ya bar yaron a gida, ko ya faɗa masa abin da yaran layi ke faɗa.

Yana fitowa Mama ta tare shi. "Alhaji, ko in sa masa safa a hannu?"

Baba ya durƙusa ya ce, "Auta, wa ya yi maka?"

"Ni na yi, Baba. Irin na wannan nake so." Ya ruga ya ɗauko littafin.

Baba ya riƙa buɗa shafukan a hankali. Ya daɗe a kan shafin ƙarshe. Sannan ya miƙe ya gyara masa hula.

"Bar safar nan. Ɗauko takalmanka mu tafi."

Maƙwabcinmu ne ya ba Mama labari daga baya. Ya ce ana ta kallo, wasu na ƙus-ƙus, amma tun daga inda suka ajiye mota har sahu Baba bai saki hannun ba.

Ban san abin da ke ransa ranar ba, bai kuma taɓa faɗa ba har ya rasu. Har yau in na ji ƙamshin lalle sai gabana ya faɗi. Auta kuwa yana da 'ya'yansa yanzu, kuma duk inda za su, a hannu yake riƙe su.